Barmo Mai Bin Sawu da Takobin Muntari

Barmo bai taɓa riƙe alƙalami ba har ya koma ga Allah, amma shekara da shekaru jandarmomin bakin iyaka ba sa rufe maganar satar dabba sai sun ji ta bakinsa. Aikinsa bin sawu. In an kore wa mutum saniya ko raƙumi, ko da jaki ne, Barmo ake kira ya zo ya duƙa ya dubi ƙasa, ya ce nan aka bi. Gajere ne, baƙi wuluk, kullum kai a sunkuye. Matarsa Dije takan yi masa tsiya a gaban mutane, wai shekara talatin suna tare bai san launin kallabinta ba, amma ka tambaye shi fason da ke diddigenta na hagu, yanzu zai zana maka shi a ƙasa.

A wani ƙauye na gefen Deule aka haife shi, gidan maharba. Ubansa sai da ya yi furfura ya fara salla, kuma ko bayan nan in rantsuwa ta kama shi da gaske aradu yake kira. Barmo ya gaji wannan ma. Ƙasar Deule kuwa dutse ce, sawu ba ya kwanciya a kanta. Wanda zai koyi aikin a can sai ya koyi ganin tsakuwar da aka juya cikinta sama, da karan ciyawar da ya karye bai bushe ba, da kashin dabba, na jiya ne ko na shekaranjiya. Da farin shekarar saba'in da uku ya cinye musu komai, Barmo ya kwashi Dije da 'ya'ya suka sauko Bangi wurin danginta, aka ba shi gona can kudu, ba ta fi jifa biyu da iyakar Najeriya ba. Da ya ga rairayin Bangi sai ya yi dariya, ya ce wannan ai ko makaho ya bi.

A da bin sawu yana da ƙa'idarsa, kowa ya san ta. Za ka bi har bakin gari, ka tsaya, ka aika a kira maigari, ka nuna masa: ga sawu ya shigo garinka. Daga nan nauyi ya koma kansa. Ko dai ya nuna maka inda sawun ya fita ka ci gaba, ko ya fito da dabba. Ba wanda ke tambayar ko garin nan Madawa yake kai haraji ko Sakkwato. Kakanni ɗaya ne, rijiya ɗaya, wani ma gonarsa rabi nan rabi can. In an kama ɓarawo a mayar da dabba, dattawa su zauna, a ci masa fuska son rai, ya ba da akuya ko tunkiya ta ban haƙuri, kowa ya kama gabansa.

Bayan fari sata ta yi yawa, ɓarayi kuma suka gane amfanin iyaka. A kore shanu nan a tsallaka can, motar jandarma ta zo daidai wani guntun ƙarfe da Nasara ya kafa a gonar mutane, ta taka birki. 'Yan sandan can su ce ba su ga takarda ba. Barmo kansa sai da ya kwana biyu a tsare a ƙetare, saboda ya bi sawun raƙumi bai ɗaga kai ya ga ƙarfen ba. Ya dawo yana ta zage-zage, wai shi raƙumin wa ya tambaye shi takarda?

Sai aka ji manyan ƙasashen biyu suna ta zama, wai ƙasashe 'yan'uwa ne, ɓarawon wannan ɓarawon waccan ne. Abin da ya iso bakin iyaka daga zaman nan shi ne, Ajidan Kalla, shugaban ɗan ofishin jandarmomi da ake ce wa fos, da Saje Inuwa, ɗan sandan da ke riƙe da ƙauyukan ƙetare, suka soma haɗuwa duk bayan wata uku a gindin wani gawo. Su ci goro, su yi musayar sunayen waɗanda ake nema, wannan ya miƙa wa wancan mutuminsa. Aka yi wa Barmo takardar shiga da fita mai tampo biyu, hatimin nan da na can, ya kai wa baduku ya ɗinka mata 'yar jakar fata, ya rataya a wuya. Kai, ranar ka ga Barmo! Ko gaisuwa sai ya gyara jakar yake amsawa.

Kuma aikin ya yi kyau, a faɗi gaskiya. Akwai shekarar da aka kore raƙuma biyar na wani Buzu daga tudun Ibohamane. Barmo ya bi su kwana tara, ya sauko da sawun ta ƙasar Buza, ya ratsa ta Madawa, ya tsallake ƙarfen nan ba wanda ya ce masa kanzil, ya tarar da su a wata kasuwar ƙetare har an sake musu tambari. Saje Inuwa ya kama mutum biyu nan take, bayan sati guda ya miƙo su gindin gawo. Buzun ya so ya sumbaci ƙafar Barmo, Barmo ya ce ya bari, ƙafar ba ta ga ruwa ba tun ranar da suka taso.

Wata rana a gindin gawon ya tambayi Ajidan.

"Ranka shi daɗe, to yanzu dokar ma ta zama guda?"

"Ana kai, tsoho," in ji Ajidan. "Manya na zama. Za a daidaita ta, laihi guda hukunci guda, nan da can."

Barmo bai sake tambaya ba. A ganinsa mutanen da ke cin goro tare suna kama ɓarawo tare, ai hukuncinsu ba zai yi nisa da juna ba.

Shekarar tamanin da huɗu damina ta ƙi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, gidaje da yawa suka shiga kaka ba su kai ko dami ɗaya rumbu ba. Cikin wannan hali Saje Inuwa ya aiko: an kore shanu uku na wani Alhaji Maiguwa a Kukar Zabi, ƙauyen ƙetare, da rana tsaka, kuma sawu ya yi arewa. Barmo ya rataya takobinsa da gorar ruwa ya tsallaka.

Ya tarar da mutane tsaye a makiyaya. Alhaji Maiguwa yana ta faɗa, a gabansa kuma ga makiyayinsa tsugune, wani tsohon Bafillace mai suna Jima, gemu fari fat. Nasa garken fari ya share, shi ya sa yake kiwon na wani da tsufansa. Alhaji na tambayarsa ina yake har aka kore shanu uku a gabansa, tsoho yana cewa, "Na gan shi, Alhaji, ya taho mini, ban iya komi ba."

Barmo ya bar su ya zaga. Ba a jima ba ya ga komai. Gindin wata aduwa ga inda mutum ya kwanta a gefen dama, ga ramin ƙugu, ga na gwiwar hannu, ga inda aka tuɓe takalmi aka ajiye. Kwanciya ce ta wanda ya daɗe bai motsa ba, har iska ta tara busasshen ganye ta jera shi a inda bayansa yake. Sawun ɓarawo kuwa ya wuce can nesa, taki arba'in ko fi, a kan yatsu, bai ko karkata wajen itacen ba. Tsoho barci ya yi, barcin yunwa da rana. Ɓarawo ya lallaɓa ya kore shanu bai tashe shi ba.

Barmo ya ɗaga kai, idonsa ya haɗu da na Jima. Tsohon ya san an gani. To, a ce me? A ce barci ya yi, gaban ubangidansa da baƙi, a shekarar da in aka kore shi ba shi da inda zai ci tuwo? Mutumin da ya girme ka nesa ba kusa ba? Barmo ya yi kamar yana neman wani abu, ya ja ƙafa a kan wurin sau biyu ya shafe shi, ya ce sawu ya yi nan, a taho. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya ce shi da ba haka zai yi ba, ƙarya yake yi.

Kwana uku suna bi, shi da jandarma biyu da Saje Inuwa cikin farin kaya. Suka wuce Bangi ta gabas, suka ratsa fadamun da suka bushe, suka hau duwatsun wajen Deule, inda jandarmomi suka ce shi ke nan, sawu ya ɓace. Barmo ya ce a gidan ubansa? Nan fa ya shiga nuna gwaninta, don akwai baƙo, kuma Barmo, Allah ya jiƙansa, yana son a yaba masa. Ya ce mutumin bai wuce talatin da 'yan kai ba. Ya ce yana jin yunwa, don takunsa na gajarta da la'asar. Ya ce yana salla, ga inda ya yi taimama. Ya ce yana da takobi, duk inda ya zauna sai ya ajiye shi a damansa, ga shatin bakin kube. Saje Inuwa ya riƙa kaɗa kai yana cewa tabarkalla, shi kuwa kamar ana zuga shi.

A rana ta huɗu sawu ya kai su wata 'yar tunga a cikin kwari. Shanun uku na ɗaure bayan rumbun da babu komai cikinsa, mai gidan yana zaune a ƙofa, bai gudu ba. Barmo na ganinsa ya gane shi. Muntari ne, ɗan Iliyasu, aminin Barmo na ƙuruciya wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya, wanda ya rasu tun farin farko. Muntari ya tashi ya gaishe su, ya cire takobin daga kafaɗa ya miƙa wa jandarma ta wajen mariƙi, yadda ladabi ya ce. Ya ce shanunsa bakwai suka mutu a gabansa, ya tafi kudu neman aiki bai samu ba, a hanyar dawowa ya ga waɗannan. Matarsa Rabi tana tsaye bakin ɗaki da 'ya'ya biyu riƙe da zanenta.

A fos aka zauna rubutu. Ajidan Kalla ya ce Barmo ya faɗi abin da ya gani, wani jandarma yana juyawa da Faransanci yana bugawa a mashin ɗin rubutu. Barmo ya zayyana komai tun daga Kukar Zabi har kwari, yunwa da taimama da takobi da shatin kubensa. Gindin aduwa kaɗai ya tsallake. Babu wanda maganar takobin ta dama. Ai jandarman da ke bugawa ma, in ya je ƙauyensu hutu, da nasa yake yawo. A ƙasarmu ta Adar namiji zai fita daji ba hula, amma ba zai fita ba takobi ba. Da shi ake sare ƙaya, da shi ake kashe maciji, da shi ake zuwa suna.

Sai maganar inda za a yi shari'a. Aka tambayi Muntari inda aka haife shi, ya faɗi sunan wani ƙauye a ƙetare. Gaskiya ya faɗa. Ɗan fari ne, uwarsa 'yar can ce, ta je gidan iyayenta haihuwa kamar kowace mace, ta dawo da shi a goye. Takarda kuwa ba shi da ko ɗaya. Saje Inuwa ya ce to ai nasu ne, laifin ma a ƙasarsu aka yi. Ajidan ya ce bisa yadda suka saba haka ne, amma in Muntari ya ƙi, sai ya tura maganar sama a duba.

Muntari ya roƙi a bar shi ya ga Barmo. Suka tsuguna bayan fos, ankwa a hannunsa.

"Baba, mi ka gani? Ni ban san kan abin ga ba."

"Ka tahi can," in ji Barmo. "Nan satar shanu ɗaurin shekaru na a kaso, kana hwasa dutse. Can kau ga kawunnanka. Shanu sun koma lahiya lau, ko ƙaho bai karye ba. Dattawa su zamna da Alhaji a ba shi haƙuri, a yi maka 'yan watanni. Kahin ruwan shuka kana gida."

"To, Baba. Yadda kac ce."

Muntari ya dangwala yatsa a takarda. Washegari aka miƙa shi gindin gawo, shi da takardar da takobin. Barmo ya hau har kwari da ƙafarsa ya gaya wa Rabi ta kwantar da hankalinta, kafin ruwan shuka mijinta na gida.

Bayan wata biyu, ran kasuwar Bangi, Barmo na zaune rumfar masu igiya sai ga Saje Inuwa, ba kaki, fuska ba annuri. Ya ja shi gefe. Ya ce fayil ya bar hannunsa ya hau sama, can birni. Waɗanda suka karanta sun ga abu uku. Makiyayi ya ce ɓarawo ya taso masa har ya kasa komai, takardar Nijar ta ce mai bin sawu ya tabbatar ɓarawon na ɗauke da takobi, ga kuma takobin a gabansu. Suka ce wannan ba sata ba ce, fashi da makami ne. Akwai kotu ta musamman da ke jin irinsa, kuma hukuncinsa ɗaya ne, harbi.

Barmo ya ɗauka bai ji daidai ba.

"Harbi? Don shanu ukku da sunka koma? Wane makami? Takobi na, Saje! Kai ubanka ba shi da takobi?"

"Shina da shi, Baba, har biyu. Ni na sani, kai ka sani. Waɗanda sunka karanta takardar ba su san Adar ba. Kuma tun da anka matsa ma Jima da tambaya ya ƙara, yanzu cewa shikai an zare mishi shi."

"Aradu ƙarya ta! Barci ya yi! Ni na ga makwancinai da idona!"

Saje ya dube shi. "To mi ya hana ka hwaɗi?"

Tsoro ya kama Barmo irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban kura, har sai da ya dafa ginshiƙin rumfa.

Ajidan Kalla da ya ji sai ya dafe kai. Shi ma bai san abin zai kai nan ba, a wajensu mutum irin Muntari ɗauri ne, ba mai kawo zancen rai. Ya sa aka buga sabuwar takarda da maganar barcin a ciki. Amma ya gaya wa Barmo gaskiya: miƙa mutum gindin gawo aikin yini ɗaya ne, gyara takardar da ta riga ta shiga kotun wata ƙasa kuwa sai ta hau Tawa, ta hau Yamai, ta ƙetara wurin manyan can, sannan ta sauko. Barmo ya ce ita takardar ta bi hanyarta, shi zai bi tasa.

Ya fara da Jima. Ya same shi a bayan gari, ya rame ya zama kamar kara. Tsohon ya yi kuka, ya ce ya riga ya rantse, an ce masa in ya canza magana shi za a ɗaure, to wa zai riƙe masa jikoki? Barmo ya zo da niyyar zaginsa, ya kasa. Alhaji Maiguwa ma ya ce wallahi shi ba ya son jinin kowa a kan shanunsa, ya je har birni ya ce ya yafe, aka ce masa magana ta wuce shi, ta gwamnati ce yanzu.

Ranar da Barmo zai tafi birnin, ya rataya takobi kamar kullum. Dije ta tare ƙofa.

"Maigida, kana hauka? Da wanga abu za ka gabansu? Aje shi, kada su haɗa da kai!"

Ya ajiye. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar bai taɓa barin gari babu shi ba, duk hanya cikin mota hannunsa na kai wa kafaɗa yana tarar da wayam.

Saje Inuwa ya yi ƙoƙari har aka yarda a saurare shi. Ɗaki ne babba, mutum uku a bayan dogon tebur, ɗaya da kakin soja, ana magana da Turanci tafinta na juyawa. Muntari na tsaye cikin akwatin katako, ya yi baƙi ya rame. Barmo ya rantse da Alƙur'ani ya faɗi komai, ramin ƙugu da takalmi da ganyen da iska ta tara da taki arba'in. Ya ce mutumin nan bai kusanci tsoho ba, balle ya zare masa ƙarfe. Ya ce takobi a wajensu kamar riga yake.

Lauyan gwamnati ya tashi, mutum mai sanyin murya, bai ko ɗaga ta ba. Ya ɗauko takardar fos ya ce a nuna masa inda maganar barci take. Barmo ya ce ba ta ciki. Lauya ya ce me ya sa?

"Tsoho na, ranka shi daɗe, ga ubangidanai tsaye. Ban iya kunyata shi ba."

Lauya ya ce to wa ya ga makwancin ban da shi? Barmo ya ce ba kowa. Ya ce ko Saje Inuwa da ke wurin bai gani ba?

"Na shahe shi da ƙahwata kahin shi iso."

Tafinta ya juya, na tsakiya ya rubuta wani abu. Lauya ya yi tambaya ta ƙarshe, ko ya san wanda ake tuhuma kafin ranar da aka kama shi. Barmo ya ce ɗan amininsa ne. Lauya ya ce ba shi da sauran tambaya, ya zauna. Barmo bai yi boko ba, amma ya gane da kansa cewa gaskiyar da ya kawo ta yi kama da abin da mutum zai ƙaga don ya ceci ɗan abokinsa.

Aka tambayi Muntari ko takobin nan nasa ne, kuma ko yana ɗauke da shi ran nan. Ya ce nasa ne, gadon ubansa ne, ina zai bar shi? Da za a fita da shi ya waiwayo ya ce, "Baba, ka gai da gida. Ka ce ma Rabi kada ta sai da jakin." Bayan sati uku aka yanke hukuncin da Saje ya faɗa.

Barmo ya hau kwari ya gaya wa Rabi komai, bai ɓoye nasa ba. Shi ya shafe makwancin, shi ya faɗi takobi, shi ya ce a tafi can. Ta saurara har ya gama, ta ce ta ji. Da ya ga yadda ta yi shiru sai ya kasa tashi haka nan, ya ƙara da abin da ya tsinta a mota, wai ba a cika zartarwa ba, kuma da Salla ana yi wa fursunoni afuwa a sake su. Ga kuma takardar Ajidan tana hanya. Bakin nan na Barmo dai, Allah ya kyauta!

Daga nan ya cire jakar fatar daga wuyansa ya mayar wa Ajidan. Bai daina bin sawu ba, don shi ya iya, amma ya koma yadda ya gada. Ya kai bakin gari ya kira maigari, in an ce a je fos ya ce ƙafarsa na ciwo. Ajidan bai matsa masa ba. Zaman gindin gawo ya ci gaba, ana ta miƙa ɓarayi, sata kuma ta ragu, wannan ba mai musu. Dokar da aka ce za a daidaita kuwa, har Barmo ya rasu a tamanin da tara bai ji an daidaita ta ba.

Amma a shekarar da aka yanke hukuncin ruwan shuka ya sauka, ƙaramar Salla ta wuce, babba ta wuce, ba labarin Muntari. Rabi ta yi noma ita kaɗai da jakin. Duk wanda zai sauko kasuwar Bangi daga kwari sai ta ba shi saƙo wurin Barmo, saƙon kuma ɗaya ne: an ji wani abu? Ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba. Barmo ya tsallaka sau uku. Na farko aka ce an canza wa Saje Inuwa wurin aiki. Na biyu ya je har ƙofar gidan yari, mai gadi ya ce ba a ba baƙo labari sai da takarda daga ƙasarsa. Ajidan ya rubuta, amsa ba ta zo ba. Sai na uku, bayan an gama girbi, ya gano garin da aka kai Saje, ya same shi a caji ofis. Saje ya fito da shi waje ya ce an yi. Wata Asabar ce, sati biyu bayan ƙaramar Salla, su shida. Ya ce wallahi ya ɗauka an aika musu.

Barmo bai iya zuwa shi kaɗai ba, ya biya ya ɗauki limamin tungar. Suka tarar da Rabi tana sussuka a tsakar gida. Da ta ga liman tare da shi sai ta ajiye taɓarya. Liman ya faɗa mata yadda ake faɗa, ya yi addu'a, mata suka fara taruwa. Rabi ba ta yi kururuwa ba. Ta tambayi ranar, Barmo ya gaya mata.

"To, Malam," ta ce da liman, "yau zan shiga takaba ko gobe?"

Liman ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa, ya sunkuyar da kai. Ya ce takaba wata huɗu ce da kwana goma, kuma daga ranar rasuwa ake kamawa, ba daga ranar da labari ya zo ba. Yau wata biyar ke nan da 'yan kwanaki. Ta riga ta fita, babu komai a kanta.

Rabi ta juya wajen Barmo.

"Ran Sallar layya na yi kitso, Baba. Na ƙunsa lalle har ƙahwa, na sa zanen aurena, na zamna bakin hanya har rana ta hwaɗi. Kai kac ce ana sakin mutane da Salla."



Ta juya ta shiga ɗaki. Da ta fito ta cire 'yan kunne da awarwaro, ta yafa tsohon zane, ta shimfiɗa tabarma a jikin bango ta zauna. Liman ya matso ya ce a hankali, "Rabi, na ce miki ba dole."

"Na ji, Malam," ta ce. "Ku bar ni in yi mishi."